Yadda Ake Shirya Jiki da Gida Kafin Neman Shiga Dakarun Musamman na Soja

Na shafe shekaru masu yawa ina fita da samari filin motsa jiki tun kafin gari ya waye, wasu suna shirin tafiya Daffo, wato makarantar horar da kuratan soja, wasu kuma sun riga sun sa kaki suna neman a zaɓe su cikin dakarun musamman, waɗanda mutanenmu suka fi sani da sojojin ƙundumbala. Abin da na gani a tsawon wannan lokaci shi ne, waɗanda suka dawo gida ba su kai ga gaci ba, yawancinsu ba ragwaye ba ne. Wani gaggawa ce ta sa ya ji wa kansa rauni tun kafin ranar gwaji, wani kuma jikinsa yana fili amma zuciyarsa tana gida, domin ya baro uwa ba ta yarda ba, ko mata babu abin cefane, ko bashin da ake bin sa ana ta sallama a ƙofar gida. Saboda haka zan jera shirin jiki da shirin gida a hanya ɗaya, domin tare ake yin su. Ka ba kanka wata shida idan kana da hali, kada kuma ya gaza wata huɗu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za ka tanada

Kana buƙatar kambas na gudu mai taushin ƙasa wanda ya yi maka daidai, da sararin kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin. Na gwanjo ma ya isa muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. Sai but mai rufe idon sawu domin tafiya da kaya, da safa masu kauri aƙalla ƙafa huɗu, da jakar goyo mai igiyar ɗaurewa a ƙugu, da agogo mai ƙidayar daƙiƙa, da gorar ruwa, da man basilin, da filasta, da ƙaramin littafi da biro. Littafin nan kada ka raina shi, domin a ciki za ka riƙa rubuta nisan da ka yi da lokacin da ka ɗauka da inda ya yi maka ciwo, kuma shi ne zai gaya maka gaskiya ranar da zuciyarka take yaudararka.

Idan babu ƙarfen ɗaga jiki a kusa da kai, reshen darbejiya mai kauri ko ƙarfen ragar filin ƙwallo zai yi aikin. Idan babu sikeli, ka tuna lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 10 kilo 10 ke nan, haka ma jakar fiyawata mai ɗauke da guda 20. Yashi da aka ɗura a buhu aka naɗe da tsohon bargo ya fi duwatsu zama lafiya a baya. Abu ɗaya da zan ja maka kunne a kai shi ne, idan kai farar hula ne kada ka sayi kaki ko wando mai zanen soja ka ce da shi za ka yi atisaye. Doka ta hana, kuma za ka iya jawo wa kanka wulaƙanci a shingen bincike ba gaira ba dalili.

A ɓangaren takardu, ka haɗa takardar haihuwa, shaidar asalin jiha da ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawar kammala sakandare, lambar NIN da ta BVN. Ka duba cewa sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya suke a kowace takarda. Na ga saurayin da ya fi kowa gudu a cikin tsararsa an sallame shi saboda shekarar haihuwarsa ta sha bamban a takardu biyu, gyaran da zai ɗauke shi 'yan makonni da ya duba tun da wuri.

Mataki na 1: Ka san ƙofar da ake shiga

Ba a ɗaukar mutum daga gida kai tsaye a ce ya zama ɗan ƙundumbala. Sai ka fara zama soja tukuna. Kurtun sojan ƙasa yana samun horonsa a Daffo, irin wadda ke Zariya da aka kafa tun 1924, mai son zama hafsa kuma yana bi ta makarantar NDA da ke Kaduna, wadda aka buɗe a 1964. Bayan mutum ya shiga aiki ne ake zaɓen waɗanda za su je kwas na musamman, irin wanda ake yi a makarantar dakarun musamman da ke Buni Yadi a jihar Yobe, ko kwasa-kwasan da ake gudanarwa a Jaji. Sojojin ruwa suna da nasu rukunin da ake kira SBS, sojojin sama ma suna da nasu.

Sharuɗɗan ɗaukar kurtu ana fitar da su a sanarwar kowace shekara, kuma ita za ka bi, ba maganar majalisa ba. Abin da aka saba gani shi ne shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, tsawo kada ya gaza mita 1.68 ga namiji da 1.65 ga mace, kuma mai nema ya kasance bai yi aure ba. Cike fom kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya saya maka gurbi ɗan damfara ne, kada ka bari mahaifinka ya sayar da gona ko tumaki saboda shi.

Mataki na 2: Asibiti kafin fili

Kafin ka yi gudun farko, je ka a auna jininka, a duba zuciya da idanu da kunne, a yi gwajin ciwon hanta da rukunin jini na sikila, a kuma duba ko kana da gwaiwa ko basir mai tsanani. Mai rukunin AS yana rayuwa lafiya lau, amma wahala mai tsanani cikin zafi tare da ƙarancin ruwa a jiki tana iya zame masa haɗari fiye da sauran mutane, don haka ya dace ya san matsayinsa ya kuma ji shawarar likita. Idan an gano abin da ake iya magancewa, kamar gwaiwa ko ruɓaɓɓen haƙori, yanzu ne lokacin gyara shi. Ɓoye ciwo kuskure ne babba, domin gwajin likitocin soja zai tono shi, idan kuma ya kuɓuce musu to daji zai tono shi a ranar da babu asibiti kusa.

A nan ne kuma za ka rabu da duk wani abin sa maye. Tiramadol da kodin da wiwi ba sa ƙara ƙarfi, ciwo kawai suke rufewa har mutum ya karya kansa bai sani ba, ga shi kuma ana gwajin ƙwayoyi. Sigari ma ka ajiye ta tun yau, domin huhu yana buƙatar watanni kafin ya washe.

Mataki na 3: Auna kanka a makon farko

Ka sami fili mai zagayen mita 400, irin na filin wasa ko na babbar makaranta. Zagaye takwas shi ne kilomita 3.2, wato mil biyu, nisan da aka saba auna gudun soja da shi. Ka yi shi iyakar ƙoƙarinka ka rubuta lokacin. Washegari ka ƙirga turin ƙasa nawa za ka iya yi cikin minti biyu, wato ka kife kana ɗaga jiki da hannuwa, sai tashi-zaune nawa cikin minti biyu, sai jan jiki a ƙarfe har haɓa ta wuce shi sau nawa. Ka sa wani ya ƙirga maka, mutumin da ba zai ji kunyarka ba, wanda zai ƙi lissafa duk wanda ƙirjinka bai sauka sosai ba ko bayanka ya lanƙwashe.

Domin ka sami abin kwatance, mafi ƙarancin abin da rundunar SEAL ta sojojin ruwan Amurka take karɓa daga mai nema shi ne turin ƙasa 50, tashi-zaune 50, jan ƙarfe 10, gudun mil ɗaya da rabi cikin minti 10 da daƙiƙa 30, da ninƙayar yadi 500 cikin minti 12 da rabi. Wannan ƙofar shiga ce kawai, waɗanda ake zaɓa suna wuce ta nesa. Ni abin da nake nema daga wanda nake horarwa kafin in ce ya shirya shi ne kilomita 3.2 cikin ƙasa da minti 14, turin ƙasa 60, tashi-zaune 60, jan ƙarfe 12, kuma ya iya maimaita su washegari ba tare da ya kwanta ciwo ba. Wannan maimaitawar ita ce ainihin abin da zaɓen dakarun musamman yake aunawa.

Mataki na 4: Gudu

Ka fara da kwana uku a mako, minti 20 zuwa 30 na sassarfa, a saurin da za ka iya yin magana da abokin gudunka ba tare da haki ya katse ka ba. Samari ba sa son wannan, gani suke wasa ne, amma a kan wannan sassarfa ake gina zuciya da huhu da agara. Kowane mako ka ƙara kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na nisan makon da ya wuce, a mako na huɗu kuma ka rage domin jiki ya murmure. Daga wata na biyu ka mai da shi kwana huɗu: rana ɗaya gudu mai tsawo da zai kai kilomita 10 zuwa 12 a hankali, rana ɗaya gudun sauri na zagaye ɗaya ko biyu ana hutawa ana maimaitawa sau shida zuwa takwas, sauran biyun sassarfa. Idan akwai tudu ko dutse a garinku ka riƙa hawansa sau ɗaya a mako, idan babu to yashin rafi lokacin rani ko matakalar bene za su maye gurbinsa.

Ka fi yawaita gudu a kan ƙasa maimakon kwalta. Ciwon ƙwauri da ya bazu kuma yake lafawa idan jiki ya ɗumama, rage nisa yake nema. Amma ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya, wanda za ka iya nuna shi da yatsa, yana kuma ƙaruwa idan ka taka, wannan yana iya zama tsagewar ƙashi, sai ka daina gudu ka je a duba ka. Wanda ya ci gaba da gudu a kansa zai yi asarar watanni a maimakon makonni.

Mataki na 5: Ƙarfin hannu, baya da ciki

Kwana uku a mako ya isa, a ranakun da ba ka yi gudun sauri ba. Kada ka riƙa yin turin ƙasa har sai ka faɗi kullum. Idan iyakarka 30 ne, ka yi 15 sau biyar ko shida da ɗan hutu a tsakani, bayan mako biyu ka sake auna iyakar. Wanda bai iya jan ƙarfe ko sau ɗaya ba, ya taka wani abu ya hau har haɓarsa ta wuce ƙarfen, sannan ya sauko a hankali yana ƙirga biyar, ya maimaita. Cikin 'yan makonni zai ga ya fara ɗaga kansa. Ka haɗa da tsuguno da tashi, da ɗaukar jarkoki biyu cike da ruwa kana tafiya da su mita 100, da saɓa abokinka a kafaɗa, domin ranar da aka harbi ɗan'uwanka kai ne motar da za ta fitar da shi. Tsallen kwaɗo kuwa za ka sha shi a wurin gwale-gwale ko kana so ko ba ka so, amma ban ga amfanin ka cinye gwiwarka da shi a gida ba.

Mataki na 6: Tafiya da kaya a baya

Wannan shi ne matakin da ya fi raba masu wucewa da masu dawowa, kuma shi ne wanda samari suka fi sakaci da shi, domin babu mai tafa wa mutum idan yana tafiya da jaka. Aikin dakarun musamman a dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi ko dazukan Zamfara, mafi yawansa tafiyar ƙasa ce da ruwa da harsashi da abinci a baya, sau da yawa cikin dare.

Kada ka fara sai ka yi wata guda kana gudu. Ka soma da kilo 10 a nisan kilomita 5, sau ɗaya a mako, cikin but ɗinka. Ƙa'idar ita ce, ba a ƙara nauyi da nisa a mako ɗaya: ko dai ka ƙara kilo biyu, ko ka ƙara kilomita biyu. Burinka a ƙarshen wata na biyar shi ne kilo 20 a nisan kilomita 20, kana cin kowace kilomita cikin minti tara zuwa goma. Wuce kilo 20 a lokacin shiri ba ya ƙara komai sai ciwon baya da gwiwa. Kada ka yi gudu da kaya, ka koyi taku gajere mai sauri, kana ɗan sunkuyar da jiki gaba kaɗan. Abu mai nauyi ya zauna a sama kusa da kafaɗa, manne da bayanka, ƙasan jakar kuma ka cika shi da tsummoki, sannan ka ɗaure igiyar ƙugu sosai domin ƙugu ya ɗauki rabonsa. Jakar da take reto tana saɓule fatar baya cikin sa'a ɗaya.

Ƙafa kuwa sai ka kula da ita kamar yadda mai doki yake kula da kofato. Sabon but ba a tafiya mai nisa da shi, ka riƙa sa shi kana zirga-zirgar gida da kasuwa na mako biyu ko uku har ya karɓi siffar ƙafarka. Ka yanke farce a miƙe, ka shafa basilin a tsakanin yatsu da dunduniya da matsematsi da hammata. Da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi a cikin takalmi, tsaya nan take ka manna filasta, kada ka jira ya zama bororo. Idan bororon ya riga ya fito kuma ƙarami ne, ka rufe shi ka bar shi. Idan babba ne yana hana taku, a wanke wurin, a huda gefensa da allura mai tsabta, a matse ruwan, a bar fatar a kai. Ka riƙa canza safa a tsakiyar tafiya, ka shanya wadda ta jiƙe a bayan jaka. Mu da muka tashi da silifa muna da kanta a tafin ƙafa, sai mu ɗauka mun tsira, alhali bororo yana fitowa a ƙarƙashin kantar, kuma ya fi na fili zafi da wuyar warkewa.

Ka sanar da wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka riƙe katin shaidarka, kada kuma ka shiga dajin da ake fama da 'yan bindiga ko ka bi kusa da shingen jami'an tsaro da duhu ɗauke da babbar jaka. Zagaya gari sau uku ya fi wannan kasada.

Mataki na 7: Ninƙaya

Da yawa daga cikinmu 'yan tudu ba mu iya ruwa ba, kuma tsoronsa kaɗai yana iya fitar da mutum daga kwas. Ka nemi wurin ninƙaya na filin wasa ko na makaranta, tare da wanda ya iya sosai. Ka fara da koyon shawagi a kan ruwa da fitar da numfashi a cikinsa, sannan ninƙayar mita 50, har ka kai 400 ba tsayawa, daga baya ka gwada da riga da wando. Idan dole sai kogi ko dam, ka tafi da masunta ko wanda ya san wurin, ka kuma guji kududdufi da ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Kada ka taɓa yin gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman kai kaɗai, domin mutum yana suma ba tare da wata alama ba.

Mataki na 8: Zafi, abinci, barci da azumi

Zafi yana kashe ƙarfafa. A watan Yuli na 2013 sojoji uku sun rasu sanadin zafin da ya kayar da su a tsaunukan Brecon Beacons na Birtaniya yayin tafiyar gwajin shiga SAS, rundunar dakarun musamman ta ƙasar, a ƙasar da zafinta bai kama ƙafar na Maiduguri ko Sakkwato a watan Afrilu ba. Saboda haka atisaye mai nauyi bayan sallar asuba ake yin sa ko bayan la'asar sakaliya. Sabo da zafi ana gina shi a hankali cikin kamar mako biyu, ta hanyar ƙara ɗan lokacin da kake yi a rana. Ka riƙa duba fitsarinka: idan ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci, idan kuma ya koma kalar shayi ko lemon kwalba baƙi bayan wahala mai tsanani tare da ciwon tsoka, asibiti za ka nufa a ranar. Wanda ya fara jiri, ko magana ba kan gado, ko tangaɗi, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwarara masa ruwa ana yi masa fifita, a nemi likita. Bayan gumi mai yawa ka sha ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Abincin gida ya wadatar, ba sai ka sayi garin gina jiki na gwangwani mai tsada ba. Tuwo, wake, ƙwai, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, fura da nono, kifi, zogale da dabino duk suna gina jiki. Ka yi barcin sa'a bakwai zuwa takwas a cikin gidan sauro. Hana kai barci da sunan sabo kuskure ne, ba a sabawa da rashin barci, ana dai jure shi idan ya zo, kuma wanda ya je da hutaccen jiki ya fi jurewa. Idan azumi ya faɗo cikin watannin shirinka, ka rage nauyin atisaye, ka mai da shi bayan buɗa-baki da sa'a biyu ko bayan tarawihi, ka bar tafiya da kaya da rana gaba ɗaya.

Mataki na 9: Shirya gida

Wannan matakin tun watan farko ake fara shi, na kawo shi nan ne kawai domin ya fi sauran nauyi. Ka fara da mahaifinka, ko wanda yake a matsayinsa, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Ka zauna a ƙasa ka ce, "Baba, akwai shawarar da na zo nema, ina son in nemi shiga rundunar musamman, kuma ba na son in ɗaga ƙafa sai da yardarku." Sannan ka faɗi gaskiyar aikin: za a yi watanni ba a gan ka ba, wani lokaci makonni ba a ji muryarka ba, kuma akwai haɗarin rauni ko rasa rai. Mahaifiya ta fi wuya. Kada ka ce mata aikin ofis ne, domin ranar da ta ji gaskiya a bakin wani, tsoronta zai ninka kuma ba za ta ƙara yarda da kalmar "lafiya lau nake" daga bakinka ba. Idan ta ce a'a, kada ka yi fushi ka fice. Ka ba ta lokaci, ka nemi kawunka ko gwaggonka ko malamin da take jin maganarsa, ka sake komawa. Na sha ganin wanda ya tafi da albarkar uwa yana jure abin da wanda ya fi shi ƙarfi ya kasa jurewa, domin shi ba ya faɗa da zuciyarsa da dare.

Sojan da ya riga ya yi aure, shawara da matarsa wajibi ce, domin rabin wahalar ita za ta ɗauka. Ita ce za ta kwana da yaro mai zazzaɓi, ita za ta je makaranta idan an kira uba, wataƙila ta haihu a yi suna ba ka nan, a yi Sallah ƙarama da babba kujerarka babu kowa. Ku yanke shawara tare a kan inda za ta zauna, bariki ko gidan iyayenka ko kusa da nata, kuma ra'ayinta ya fi na kowa nauyi a wannan, tunda ita za ta yi zaman. A bariki akwai ƙungiyar matan sojoji ta NASWA da ta matan hafsoshi ta NAOWA, yana da kyau ta san su tun kana nan. Ka nuna mata mutum ɗaya amintacce daga danginka da ɗaya daga nata waɗanda za ta kira da tsakar dare ba tare da jin nauyi ba. Yara kuma a gaya musu daidai hankalinsu, kada ka sulale suna barci.

Sai maganar kuɗi. Ka rubuta abin da gida yake ci a wata: hatsi, cefane, haya, kuɗin makaranta, magani, da abin da kake ba iyaye. Ka shirya da banki a riƙa tura wani kaso na albashinka kai tsaye zuwa asusun matarka ko mahaifiyarka, asusun da yake da sunanta, wanda ita take riƙe da katinsa. Barin katinka a hannun aboki ko ƙane ya raba zumunci da yawa. Ka yi ƙoƙarin tara abin da zai riƙe gida wata uku, ka sayi hatsi da kaka idan yana da sauƙi, ka biya bashin da za ka iya, wanda ya rage ka rubuta shi da shaidu.

Akwai takarda ɗaya da sojoji suke cikewa da wasa alhali ita ce ta fi jawo rigima, wato ta sunan makusancin da hukuma za ta tuntuɓa idan wani abu ya faru. Da yawa sun rubuta sunan wa ko ƙane tun suna kurata, suka yi aure suka haihu ba su canza ba, sai bayan rasuwa matar da marayu su shiga yawon neman haƙƙinsu. Ka sabunta ta, ka kuma bayyana wa danginka cewa wanda aka rubuta wakili ne mai riƙon amana, rabon gado kuwa yana nan yadda shari'a ta tsara. Ka rubuta wasiyya, abin da addini ya kwaɗaitar a kai tun kafin aikin soja, ka ajiye kwafin takardun aikinka da lambarka ta soja a wurin da mutum biyu suka sani. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne, ajali ba ya jiran takarda kuma takarda ba ta jawo shi.

Daga ƙarshe ku yi yarjejeniya a kan waya. Su sani ba za ka faɗi inda kake ko inda za ku ba, kuma shirunka ba alamar sharri ba ne. Kada su sa hotonka da kaki a Facebook ko TikTok, kada su yaɗa a unguwa cewa ɗansu yana rundunar kaza, domin hakan yana iya jefa su da kai cikin haɗari. Ka gargaɗe su game da masu bugo waya su ce an kwantar da kai a asibiti a turo kuɗi da gaggawa, ka ba su lambar wani a rundunarku da za su tabbatar da labari a wurinsa. Ku kuma amince cewa lokacin kwas ba za a riƙa kawo maka ƙananan ƙorafe-ƙorafen gida ba, sai abin da ya zama dole, kuma mutum ɗaya ne zai isar da shi.

Mataki na 10: Mako biyu na ƙarshe da ranar gwaji

Idan ya rage kwana 14, ka rage atisaye zuwa rabi, ka daina tafiya da kaya mai nauyi kwana 10 kafin ranar, kwana biyu na ƙarshe kuma tattaki kawai da miƙe jijiyoyi. Ƙarfin da ba ka samu cikin wata biyar ba, ba za ka same shi a mako ɗaya ba, amma rauni kam ana samunsa a yini ɗaya. Ka bar ƙwallo da hawan babur da ganganci a wannan tsakanin. Ka yi amfani da lokacin wajen zaga dangi, neman gafara da sallama.

Ka isa garin da za a yi gwajin da kwana ɗaya a gaba, takardunka na asali da kwafinsu a cikin leda saboda gumi da ruwan sama. Kada ka sa sabon takalmi, kada ka ci abincin da cikinka bai saba da shi ba, kada ka karɓi wata ƙwaya ko jiƙo daga hannun kowa da sunan ƙarin kuzari. Ka karya da abu mai sauƙi kamar koko da burodi sa'a biyu kafin a fara, ka sha ruwa kaɗan-kaɗan. Idan aka busa usur, za ka ga wasu sun fita da gudun tsiya, ka ƙyale su, ka riƙe saurin da littafinka ya nuna maka a zagaye biyu na farko, sannan ka fara ƙarawa daga zagaye na biyar. Idan malami ya ce turin da ka yi bai ƙirgu ba, kada ka yi musu ko ka ɓata fuska, ka sake yin wani, domin ana duba halinka kamar yadda ake duba lambarka. Kafin a karɓi wayoyi, ka kira gida sau ɗaya, ka gaya musu ka isa lafiya, ka kuma faɗa musu kusan lokacin da za su sake jin muryarka.